Masu Bokiti da Masu Buhu

A unguwar da na tashi, da wuya ka wuce gida uku ba ka ga rubutu a goshin zaure ba, wani da gawayi, wani da shuɗin fenti: BA SHIGA. Namijin da ba muharrami ba iyakarsa zaure. Ya yi sallama, ya aika yaro, ya nemi dakali ya zauna. Ko mai yasar rijiya sai an yi masa iso, mata sun kimtsa, sannan a ce ya shigo. Ba alƙali ne ya kafa wannan doka ba, ba kuma ɗan doka ke tsaronta ba. Kowa yana kiyaye ta ne don shi ma yana da iyali a bayan katanga, kuma ya san ranar da ya keta gidan wani, ya buɗe hanyar keta nasa.

Sau ɗaya na ga an karya dokar nan gaba ɗaya, ina ɗan shekara goma ko sha ɗaya. Tsakiyar hunturu ne, iska tana kaɗawa, wata tsohuwa a gidan da ke jikin namu ta shiga ɗaki da kaskon wuta, barci ya sace ta. Can cikin dare sai ihu: "Gobara! Jama'a, a kawo ɗauki!" Babu wanda ya tsaya sallama. Maza suka ɓalle ƙyauren zaure, wasu suka dira ta katanga, har cikin sashen mata. Aka yi layi daga rijiyarmu zuwa tsakar gidan, bokiti yana bin hannu. Mahaifina ya fito da tsohuwar a kafaɗa, gefen rigarsa na hayaƙi. Kafin kiran assalatu wuta ta mutu. Ɗaki biyu suka ƙone, ba a rasa rai ba.

Da gari ya waye aka shiga lissafi. Keken ɗinkin uwargida babu. Kwanukan jeren amarya, rabi babu. Rediyon maigida babu. Kuma duk kayan nan a ɗakunan da wuta ba ta ko lasa ba suke. Abin ya tsaya mini a rai, na ce, "Baba, ba taimako aka je yi ba?" Ya ce, "Taimako aka je yi. Amma ka tara duk wanda ya shiga gidan nan jiya ka tambaye shi, kowa zai ce maka wuta ya je kashewa. Mai bokiti zai faɗa, mai buhu ma zai faɗa."

Shekaru sun tura, amma har yau in na kunna rediyo na ji wata ƙasa ta tura sojoji cikin wata, kakakinta yana jero dalilai, wannan daren nake tunawa.

Duniya ma tana da tata "Ba Shiga". An rubuta ta a 1945, bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya ci miliyoyin rayuka, a cikin yarjejeniyar da ta kafa Majalisar Ɗinkin Duniya. Sashe na 2 ya hana kowace ƙasa amfani da ƙarfi, ko barazana da shi, a kan iyakar wata ƙasa ko 'yancinta. Ƙofa biyu aka bari. Ta farko sashe na 51: in an kawo maka hari, kana da ikon kare kanka, kai kaɗai ko da taimakon abokai. Ta biyu, Kwamitin Sulhu ya zauna ya ba da izini, kamar yadda mai unguwa zai ce a ɓalle gidan wane. Akwai kuma wadda kowa ya yarda da ita ko ba a rubuta ba, wato maigida da kansa ya ce bismillah. Tun daga ranar ban taɓa jin shugaban da ya tsallaka iyaka ya ce kwaɗayin ƙasa ko man fetur ko tashar jirgin ruwa ne ya kawo shi ba. Kowa ta ɗaya daga cikin ƙofofin nan yake cewa ya bi, ko kuma ya ce ihun da ya ji ya wuce a tsaya neman izini.

Mu dai ba labari aka ba mu ba, a kanmu aka yi, tun kafin a rubuta waccan doka. A Oktoban 1902 Magajin Keffi Ɗan Yamusa ya kashe wani jami'in Turawa, Kyaftin Moloney, ya gudu Kano, Sarki Alu ya karɓe shi. Gwamna Lugga ya samu dalili biyu masu daɗin faɗa a Landan: ana ɓoye mai kisan kai, ana kuma farautar bayi. Na biyun gaskiya ne, bai kamata mu yi masa kwana-kwana ba. Ana kai wa ƙauyuka hari, ana kama mutane, ana sayar da su a kasuwa. Wuta kam akwai ta. A Fabrairun 1903 Kano ta faɗi, a Maris Sakkwato, a Yuli aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi. Amma da Lugga ya tara manyan Sakkwato, abin da ya shaida musu shi ne ikon ƙasa da ikon haraji da ikon naɗa sarki da tuɓe shi duk sun koma hannun Ingila, tunda ita ta ci yaƙi. An rufe kasuwannin bayi, wannan alheri ne da ba a musunsa. Sai dai ba a haramta bautar kanta ƙarƙaf ba sai 1936, shekara 33 bayan faɗuwar Kano, don gudun kada gandaye su watse noma ya tsaya. Haraji kuwa bai jira shekara 33 ba, kuma mai kashe wutar bai fita ba sai 1960.

Cikin ƙofofin nan, ta gayyata aka fi wasa da ita. "Ai shi ya kira ni." A Disamban 1979 Tarayyar Sobiyet ta tura dakarunta Afganistan, ta ce gwamnatin Kabul ce ta nemi taimako bisa yarjejeniyar abota ta 1978. Cikin kwanaki kaɗan sojojin nan suka afka fadar shugaba Hafizullah Amin suka kashe shi, suka ɗora Babrak Karmal da suka zo da shi daga waje. Wato baƙo ya shigo da sunan maigida ya kira shi, ya halaka maigidan, ya zaunar da wani a kan buzunsa, sannan ya ce sabon maigida ya roƙe shi ya kwana. Kwanan ya kai Fabrairun 1989.

Ko inda ba a yi irin wannan ɗanyen aiki ba, akwai tambaya mai wuya: wane ne maigida a gidan gado? Duk wanda ya zauna a birni ya san irin gidan da uba ya rasu, 'ya'ya suka rabu biyu, kowane ɓangare yana cewa shi ke da zaure. In babban wa ya je wata unguwa ya ɗauko majiya ƙarfi suka zo suka fatattaki ƙannensa, za su ce gayyatarsu aka yi, kuma ba ƙarya suka yi ba. Haka Saudiyya ta ce a Maris na 2015, cewa shugaba Hadi ne ya kira ta Yaman, alhali a lokacin ya riga ya rasa Sana'a. Haka Rasha ta ce a Satumban 2015, cewa Bashar Assad ne ya kira ta Siriya, alhali wani babban ɓangare na mutanen gidan da shi suke faɗa. Takardar gayyata tana nan, amma ba a tambayi waɗanda bom ɗin zai sauka a kansu ba.

Ta Mali ta fi waɗannan tsabta a farkonta. A Janairun 2013 masu ɗauke da makamai sun kama Konna suna gangarowa kudu, shugaban riƙo Dioncounda Traoré ya nemi Faransa, ta zo. Da shugaban Faransa Hollande ya sauka Timbuktu a watan da ya biyo, murnar mutane ta gaskiya ce. Amma Bahaushe ya ce baƙo raɓa ne. Wannan raɓa ta kai shekara tara ba ta bushe ba, wutar da aka zo kashewa ta yaɗu zuwa Burkina Faso da yammacin Nijar, har masu guɗa suka koma masu cewa a fita. Faransa ta bar Mali a Agustan 2022, ta bar Nijar a Disamban 2023.

Akwai kuma mai cewa "ɗana yana ciki". Wannan dalili ne da ba ya buƙatar dogon bayani a wurin kowane uba, shi ya sa mugaye suke sonsa. Da shi Hitila ya yanki Sudetenland daga Chekoslobakiya a 1938, wai yana kare Jamusawan can. Da shi Beljiyam ta saukar da sojoji a Kwango a 1960, kwanaki kaɗan bayan samun 'yanci, sai ga lardin Katanga mai arzikin ma'adinai ya ɓalle a ƙarƙashin inuwarsu. Da shi Amurka ta shiga Panama a Disamban 1989 ta fito da Noriega a ɗaure. Da shi kuma Putin ya tura tankoki Yukren ran 24 ga Fabrairun 2022, ya ce zai ceci mutanen Donbas, har ya kafa hujja da sashe na 51. Uban da ya shiga gidan maƙwabci ɗauko ɗansa, ɗansa yake fitowa da shi. A Satumban 2022 Rasha ta shelanta cewa larduna huɗu na Yukren sun zama nata, ban da Kirimiya da ta ɗauke tun 2014. Wannan ɗakunan gidan aka haɗa da su.

Abin da ya daɗe yana ba ni mamaki shi ne, waɗanda suka fi kusa da masu bokiti na gaskiya ba su cika kiran tausayi a bakin ƙofa ba. A ƙarshen 1978 sojojin Idi Amin suka tsallaka suka mamaye yankin Kagera na Tanzaniya. Julius Nyerere ya kore su, ya bi su har Kampala, wadda ta faɗi a Afrilun 1979, Amin ya gudu. Mutanen Yuganda sun huta da mai yanka su, amma hujjar Nyerere ita ce an taɓa gidansa. A 1971 'yan gudun hijira wajen miliyan 10 suka kwararo Indiya daga Gabashin Pakistan, suna gudun kisan da sojoji ke yi. Yaƙin da ya biyo a Disamba kwana 13 ya ɗauka, aka haifi Bangladesh, kuma zuwa Maris na 1972 sojojin Indiya sun koma gida. Ba a ce Indiya ba ta ji daɗin ganin abokiyar gabarta ta rabu biyu ba. Ta ji. Amma kisan ya tsaya, kuma ba ta fito da ko taku ɗaya na ƙasar Bangladesh a buhu ba. Biyetnam ma ta shiga Kambodiya a ƙarshen 1978 ta kifar da Pol Pot, wanda a ƙarƙashinsa fiye da mutum miliyan ɗaya da rabi suka halaka. Ita ta yi laifin daɗewa, shekara goma. Amma ladan da duniya ta ba ta shi ne takunkumi, aka kuma bar wa mutanen Pol Pot kujerar ƙasar a Majalisar Ɗinkin Duniya, don Amurka da Sin ba sa shiri da wanda ya kashe wutar. Duk ukun nan katangarsu ɗaya da gidan da ke ci. Gemun ɗan'uwa ne ya kama, suka shafa wa nasu ruwa, a garin haka aka ceci ɗan'uwan.

Sai mai cewa "in ban shiga ba wutar za ta cinye gidana". Bayan harin 11 ga Satumban 2001 Amurka ta shiga Afganistan a Oktoba, ta ce can masu harin suka fake. Mutane da yawa sun fahimci wannan. Amma a Pakistan aka kashe Usama bin Laden a Mayun 2011, sojojin kuma suka ƙara shekara goma, har suka fita a Agustan 2021 suka bar gidan a hannun Taliban ɗin da suka kora.

Ta Iraƙi a 2003 kuwa ba ta da ko hayaƙi. Babu wuta, cewa aka yi an ga maigidan da ashana, kuma mugu ne, wata rana zai kunna. Ran 5 ga Fabrairu sakataren harkokin wajen Amurka Colin Powell ya zauna gaban Kwamitin Sulhu ya ɗaga 'yar kwalba, ya nuna hotuna, ya ce Saddam yana ɓoye makaman ƙare dangi. Masu binciken Majalisar, ƙarƙashin Hans Blix, suna cikin ƙasar suna bincike, ba su ga komai ba, suna neman ƙarin lokaci. Mai unguwa bai ba da izini ba. Ran 20 ga Maris Amurka da Birtaniya suka ɓalle ƙofa. Da aka gama tono, rahoton masu binciken Amurka kanta a 2004 ya ce babu tarin makaman. A Satumban 2004 Kofi Annan ya shaida wa BBC cewa yaƙin ya saɓa wa yarjejeniyar Majalisar. Sai dalili ya sauya riga, aka koma zancen dimokuraɗiyya da ceton 'yan Iraƙi daga azzalumi. Saddam azzalumi ne, mutanen Halabja da ya sheƙa wa guba a 1988 shaida ne, amma ba wannan aka faɗa a bakin ƙofa ba.

Ni abin da ban manta ba shi ne makon da Bagadaza ta faɗi. Aka bar gidan tarihi na ƙasa a buɗe, ɓarayi suka kwashi kayan da suka shekara dubbai. Aka wawashe asibitoci da ma'aikatu. Ma'aikatar man fetur kuwa sojoji na tsaye a ƙofarta. In kana son sanin abin da ya kawo mutum gidan gobara, duba ɗakin da ya tsaya gadi. Sannan a Mayu Paul Bremer, wanda Amurka ta naɗa ya riƙe ƙasar, ya rusa rundunar sojan Iraƙi da takarda guda, ya sallami dubban ɗaruruwan maza masu iya bindiga ba albashi. Daga tokar nan aka samu yaƙin ɗariƙa, daga baya aka samu ISIS da ta kama Mosul a 2014. Garin gyaran gira an rasa ido, kuma idon na 'yan Iraƙi ne.

Duk da haka ba zan iya cewa kowa ya zauna a gidansa ya toshe kunne ba, don na ga yadda aka fito da tsohuwar nan. Da maza sun tsaya karanta rubutun zaure, da gawarta aka fitar. Ruwanda ita ce gidan da aka ji ihu aka juya aka gyara kwanciya. A Afrilun 1994, lokacin da aka fara yanka Tutsi, akwai sojojin Majalisar kusan 2,500 a ƙasar ƙarƙashin Janar Roméo Dallaire, wanda tun Janairu ya aika gargaɗi. Ƙasashen Turai suka turo jirage suka kwashe 'yan ƙasarsu. A wata makarantar koyon sana'a a Kigali, mutum wajen 2,000 sun fake bayan sojojin Beljiyam. Ran 11 ga Afrilu sojojin suka tafi, aka kashe mafi yawansu a ranar. Kwana goma bayan haka Kwamitin Sulhu ya zauna, maimakon ya ƙara dakaru sai ya rage su zuwa 270. Jakadan Najeriya Ibrahim Gambari na cikin 'yan ƙalilan da suka nemi a ƙarfafa rundunar. Cikin kwana 100 an kashe mutum wajen 800,000. Shekara uku kafin nan, da Saddam ya mamaye Kuwaiti, Kwamitin ya ba da izini, ƙasashe fiye da talatin suka taru suka kore shi cikin makonni. Korar daidai ce. Amma kowa a unguwa ya san gobarar gidan attajiri ta fi ta gidan mai faskare tara bokitai.

Kunyar Ruwanda ce ta sa Tarayyar Afirka ta rubuta a dokar kafa ta a 2000 cewa tana da ikon shiga ƙasar da ake kisan kiyashi, ta kuma sa shugabannin duniya suka amince a 2005 cewa in gwamnati ta kasa kare mutanenta, ko ita ce mai kashe su, nauyin ya hau kan sauran. Wato rubutun zaure ba ya kare mai yanka iyalinsa. Na yi murna da wannan, kuma har yau ina ganin gaskiya ne.

Libiya aka fara gwada shi sosai, a can kuma aka ɓata shi. A Maris na 2011 dakarun Gaddafi sun doshi Bengazi, shi kuma yana barazanar bin gida-gida. Ran 17 ga wata Kwamitin Sulhu ya zartar da ƙuduri na 1973, ƙuri'a 10, ƙasashe biyar suka ƙaurace, ciki har da Rasha da Sin. Najeriya da Afirka ta Kudu da Gabon, wakilan Afirka a zauren, duka sun ɗaga hannu. Izinin na kare fararen hula ne. Bengazi ta tsira cikin kwanaki, amma jiragen NATO suka ci gaba da ruwan wuta wata bakwai. Tawagar shugabannin Afirka, da Jacob Zuma a ciki, ta je da shawarar sulhu a Afrilu, 'yan tawaye suka ƙi, masu jiragen ba su matsa musu ba. Ba a tsaya ba sai da aka kashe Gaddafi a Sirte ran 20 ga Oktoba. An ce a kashe wuta a ɗaki ɗaya, aka rushe gidan, aka kaɗe riga aka tafi. Obama da bakinsa ya amsa a 2016 cewa rashin shirya abin da zai biyo baya shi ne kuskurensa mafi muni.

Waɗanda suka share tokar mu ne. Rumbunan makaman Gaddafi suka buɗe, bindigogi suka bi Sahara, a 2012 arewacin Mali ya faɗi. Dubban 'yan ci-rani na Nijar da Chadi da arewacin Najeriya suka dawo hannu rabbana, wasu an ɗauke su sojojin haya don baƙar fata kawai. Shugabannin Nijar da Chadi sun sha kokawa a bainar jama'a cewa an kunna wuta an bar su da ita. Akwai kuma hasarar da ba a gani da ido. A Oktoban 2011 da Fabrairun 2012, da aka kawo zancen Siriya gaban Kwamitin, Rasha da Sin suka hau kujerar naƙi, suka ce sun ga abin da aka yi da izinin Libiya. Suna da nasu buhun a Siriya, musamman Rasha mai sansanin jiragen ruwa a Tartus, amma hujjar a hannu aka miƙa musu. Mutanen Halab da Homs suka yi ta ihu.

Matsalar mai unguwar duniya kenan. Cikin mutum 15 da ke zama a zaurensa, biyar suna da ikon cewa a'a magana ta mutu, kuma su ne suka fi kowa haura katanga. NATO ta yi kwana 78 tana jefa bom a Sabiya a 1999 saboda Kosobo ba tare da izini ba, don ta san Rasha za ta hana. A 2014 Putin ya kawo misalin Kosobo a jawabinsa na haɗe Kirimiya. A Maris na 2022 ƙasashe 141 suka yi tir da mamayar Yukren, kuma sun yi daidai, amma da Amurka ta tashi yin wa'azin alfarmar iyaka, mutane da yawa a Afirka da Asiya Bagadaza suka tuna. Laifi tudu ne, kowa ya take nasa yana hango na wani.

Mu ma a yammacin Afirka mun ɗauki bokiti, kuma hannunmu ba kullum yake da tsabta ba. Sojojin Najeriya da yawa sun kwanta dama a Laberiya da Saliyo ƙarƙashin ECOMOG, iyalansu suna nan a barikoki da ƙauyuka. A Maris na 1998 suka mayar da zaɓaɓɓen shugaba Ahmad Tejan Kabbah kan kujerarsa a Firitawun, bisa umarnin Janar Abacha, wanda a lokacin yana tsare da Abiola. A Gambiya kuwa, Janairun 2017, abin ya zo da sauƙi: Jammeh ya faɗi zaɓe ya ƙi sauka, aka rantsar da Adama Barrow a ofishin jakadanci a Dakar, sojojin Senegal suka tsallaka, cikin kwana biyu Jammeh ya hau jirgi.

Wataƙila wannan sauƙin aka tuna a Abuja ran 30 ga Yulin 2023, da ECOWAS ta ba sojojin da suka kifar da shugaban Nijar Mohamed Bazoum mako guda su mayar da shi ko a yi amfani da ƙarfi. Dalilin mai kyau ne a takarda, don juyin mulki ɓarna ne, tsare zaɓaɓɓen shugaba da iyalinsa zalunci ne. Aka rufe iyaka, aka yanke wuta. Amma wannan karon gidan da za a ɓalle ɗakin kakarmu ne. Jihohi bakwai na Najeriya ke jingine da Nijar. Mutumin Jibiya yana da suruki a Maraɗi, inda har yau sarautar Katsina ce. Na Illela yana cin kasuwar Ƙonni. Na Daura yana da kawu a Damagaram. Tun kafin a harba harsashi ɗaya, motocin albasa da na hatsi sun yi layi suna ruɓewa a bakin iyaka, asibitocin Yamai suna cikin duhu. Majalisar Dattawan Najeriya ta ƙi yarda da yaƙi, sarakuna suka yi magana, malamai suka hau jirgi suka je suka zauna da jagoran juyin mulkin Janar Tiani. Ba a shiga ba. Na yi hamdala, har yanzu ina yi, ko da yake shekaru sun zagayo Bazoum yana tsare, kuma wannan ma ihu ne da muka ji ba mu iya komai ba. Aka janye takunkumi a Fabrairun 2024, amma zumuncin ya riga ya tsage, Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ƙungiyar.

A gidan maƙwabtanmu, cikin mutum hamsin ko fiye da suka shiga daren gobara, shida ne suka dawo da rana tsaka. Su suka kwashe toka, suka kwaɓa ƙasa, suka nemo azara, suka yi mako biyu suna gini ba wanda ya biya su. Keken ɗinkin ba a sake ganinsa ba, uwargida ta koma tuyar ƙosai. Da aka gama rufin ɗakunan, maigida ya sa magina suka ƙara wa katanga tsawo, har wajen da ya haɗa mu, suka jera fasassun kwalabe a kanta. Mahaifina ya tsaya yana kallo, hannunsa ɗaure da tsumma inda wuta ta lashe shi. Ya ce, "Malam, in Allah ya kiyaye wata ta tashi, ta ina za mu dira?" Maigidan ya ce, "Ku bi ta zaure, Alhaji, ni zan buɗe muku." Mahaifina ya ce, "In kana barci fa?" Maigidan bai amsa ba. Ya miƙa wa magini wata kwalbar.